Kwalayen tsofaffin kebul: wanne za ka ajiye, wanne za ka rabu da shi?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Ya ce yana da kwali uku cike da kebul na kwamfuta, da cajoji, da igiyoyin talabijin da na firinta, waɗanda ya tara cikin shekara kusan 20. Duk sun harɗe da juna, mutanen gida sun fara ƙorafin wurin da suka cinye, shi kuma da ya yunƙura zai zubar sai zuciyarsa ta raya masa cewa gobe-goben nan zai nemi ɗaya daga ciki. Yana so ya san wanne ya cancanci ajiya, kuma yaya zai tsara abin da ya rage.

Ɗan'uwa, tsoron nan naka yana da tushe. Na daɗe a sana'ar gyaran kwamfuta, kuma na sha ganin aiki ya tsaya cak saboda rashin wani ɗan kebul da bai kai tsawon kamu biyu ba. Sai dai akwai abin da na lura da shi a wurin masu tarawa irinka: ranar da buƙatar ta taso, da wuya su samu abin da suke nema a cikin tarin. Mutum zai zazzage kwali a ƙasa, ya yi ta warwara har ya gaji, ya fita ya sayo sabo, sabon nan ma bayan wata biyu ya faɗa cikin kwalin. Ajiya maganin wata rana ce, haka ne, amma sai idan ka san abin da ka ajiye da kuma inda yake.

Saboda haka kada ka fara da kwalayen. Fara da na'urorin. Ɗauki takarda da biro ka zagaya gidan, ka rubuta duk wani abu mai aiki da wuta ko batir: wayoyin hannu, laftof, firinta, talabijin, rauta mai raba intanet, kyamara, lasifika, injin aski, fitilar caji, har da tsofaffin da ke kwance a durowa waɗanda akwai hotuna ko takardu a cikinsu. Wannan takardar ita ce alƙalinka. Idan ka ɗago kebul, tambayar da za ka yi masa ba "kana aiki?" ba ce, domin kusan dukkansu suna aiki, kuma wannan tambayar ce ta kai ka ga kwali uku. Tambayar ita ce: "na wace na'ura ne kai, kuma tana cikin takardar nan?"

Daga nan sai ka shimfiɗa babban zane, ka zube komai a kai, ka ware su bisa siffar kansu. Ba sai ka san sunan kowanne ba, idonka ya isa ya haɗa masu kama da juna. Za ka yi mamakin abin da zai fito. Kusan ko da yaushe, rabin tarin iri uku ne ko huɗu kawai da suka yi ta maimaita kansu.

Mafi yawa za su kasance dangin USB. Tun 1996 aka fito da shi, kuma kowane zamani ya bar nasa a gidajen mutane. Akwai mai kai kusan murabba'i da ake sa wa firinta. Akwai Mini-USB mai ɗan kauri na tsofaffin kyamarori. Akwai Micro-USB siriri, wanda ya fito a 2007 ya mamaye wayoyin Android na kusan shekara goma, shi ne za ka tarar da goma sha wani abu a kwalinka. Sai USB-C na 2014, mai kai zagayayye a gefuna wanda ake sawa ta kowace fuska. Shawarata a kan waɗannan mai sauƙi ce: na firinta ɗaya, Mini ɗaya, Micro biyu ko uku masu kauri da lafiya, sauran su tafi. Ko da wata rana ka nemi ƙari, samunsa ba zai ba ka wahala ba, domin duniya cike take da su.

Kafin ka zaɓi waɗanda za su zauna, gwada su. Da yawa daga cikin gajerun Micro-USB da ke zuwa tare da fitila ko ƙaramar lasifika zare biyu ne kawai a cikinsu, na wuta, babu na ɗaukar bayanai. A ido ba ka iya bambance su. Haɗa waya da kwamfuta da shi: idan wayar tana caji amma kwamfutar ba ta gan ta ba, to na caji ne kawai. Irin wannan kebul ɗin ya sa mutane da dama sun kawo mini na'ura lafiyayya suna cewa ta lalace. Sannan duba jikin robar, wani lokaci akwai rubutu kamar 28AWG ko 24AWG. Wannan kaurin zaren jan ƙarfen da ke ciki ne, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Mai sirantaccen zare, musamman idan dogo ne, shi ke sa waya ta kwana a caji ba ta cika ba.

USB-C kuwa sai ka ƙara nutsuwa, domin a nan ne kama da wane ba ta wane. Kebul biyu za su zo iri ɗaya sak, ɗaya yana tafiya da gudun megabit 480 a sakan, wato gudun USB 2.0 na shekarar 2000, ɗayan yana kai gigabit 40 har ya aika hoto zuwa allo. A wajen wuta ma haka. Wanda babu ƙaramin guntun lantarki a cikin kansa iyakar wutar da zai ɗauka amfiya 3 ce (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke bi ta cikinsa ce), wato wat 60. Cikin masu guntun akwai mai ɗaukar amfiya 5, wat 100, kuma tun 2021 ƙa'idar ta ba da damar kaiwa wat 240. Don haka wanda ya zo da laftof ɗinka, kada ka bari ya ɓace cikin na wayoyi, ka yi masa alama yau. Kuma idan kana da tsofaffin kebul marasa suna masu kan USB na da a gefe ɗaya da USB-C a ɗayan, waɗanda ka saya wajen 2015 ko 2016, ni dai ba na ajiye su. A shekarun nan an yi ta ƙera su ba bisa ƙa'ida ba. Wani injiniyan Google, Benson Leung, ya shahara a lokacin da gwada su ɗaya bayan ɗaya yana wallafa sakamako, har a 2016 wani da aka haɗa zarensa a karkace ya ƙone masa kwamfuta.

Na allo ba su da dogon zance. VGA, mai shuɗin kai da 'yan ƙusoshi 15 a layi uku, kamfanin IBM ne ya fito da shi a 1987, kuma har yau akwai majigi da tsofaffin allunan da ba su san wani ba shi ba, don haka ajiye ɗaya. DVI mai farin kai na 1999, ɗaya idan kana da allon da ke karɓarsa, in babu ya tafi. HDMI, na haɗa talabijin da allunan zamani, ajiye biyu. Igiyoyin nan masu kai uku, ja da fari da ruwan ɗorawa, saiti ɗaya ya isa. Kebul na intanet kuma karanta jikinsa: wanda aka rubuta Cat5e ko Cat6 yana kai gigabit ɗaya, ka ajiye gajere ɗaya da dogo ɗaya, wanda aka rubuta Cat5 kawai, ko wanda ɗan maƙallin kansa ya karye, babu dalilin riƙe shi. Igiyar wuta mai rami uku ta kwamfutar tebur iri ɗaya ce da ta allo da ta firintoci da yawa, biyu sun wadatar.

Yanzu ga wurin da nake so ka tsaya da kyau, domin nan ne masu shara cikin fushi suke tafka asara. Mutum zai riƙe Micro-USB goma sha biyu saboda ya gane su, ya jefar da wani baƙon kebul guda ɗaya saboda bai san ko na mene ne ba, alhali wannan ɗayan shi ne mai daraja a duk kwalin.

Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa wurina da ƙaramar kyamarar bidiyo da kaset bakwai na MiniDV a cikin jaka. A ciki akwai muryar mahaifinta da ya rasu, yana wasa da jikokinsa. Kyamarar tana kunnuwa, hoton yana fitowa a ɗan allonta, amma babu hanyar kwashe shi. Kusan duk kyamarorin wancan zamanin ba sa fitar da cikakken bidiyon kaset ta USB, sai ta FireWire, wanda ake kira IEEE 1394, wasu kuma su rubuta i.LINK ko DV a jikin ramin. Ta ce mini ta tuna da wani siririn kebul mai ɗan mitsitsin kai da ta zubar watannin baya, ba ta san amfaninsa ba. Allah ya sa ina da ɗaya, da tsohuwar kwamfuta mai ramin. Muka zauna awa bakwai, domin kaset ba ya sauri, yadda aka ɗauka haka ake kwashewa. Da muryar ta fito daga lasifika, ta rufe fuska da mayafinta ta daɗe ba ta ce komai ba. Tun daga ranar ba na barin kowa ya zubar da kebul ɗin da ke tsaye tsakaninsa da wani abin tunawa.

To ka nemi irin waɗannan ka ware su gefe: FireWire, kebul na musamman na kyamara wanda kansa bai yi kama da na kowa ba, mai faɗin kan nan na tsofaffin iPod da iPhone wanda Apple ya yi amfani da shi daga 2003 zuwa 2012, na tsofaffin wayoyin Nokia da Sony Ericsson idan wayoyin suna nan, na na'urorin wasan bidiyo, da faffaɗan kebul mai kama da ɗamara na tsofaffin rumbun ajiyar kwamfuta, wato IDE, idan kana da rumbun da ba ka kwashe ba. Kebul na siriyal mai ƙusoshi 9 ma, idan aikinka ya shafi na'urorin sadarwa ko injinan masana'antu, har gobe ana nemansa. Amma ka ji sharaɗina: ajiye kebul ɗin rabin aiki ne. Ka sa wa kanka lokaci ka kwashe hotunan da bidiyon zuwa wuri biyu daban-daban. Kaset yana lalacewa, robobin cikin kyamara suna saki, kwamfutoci masu tsofaffin ramukan suna ƙarewa. Kebul zai iya jiranka shekara goma, na'urar ba lallai ta jira ba.

Sai rukunin da ke da haɗari, wato adaftocin wuta, baƙaƙen dunƙulen nan masu siririyar igiya da zagayayyen kai. Su ne mafi nauyi a kwalin, kuma su ne suka fi kashe na'urori. Dalili kuwa, kai iri ɗaya, mai faɗin milimita 5.5, ana amfani da shi ga bolt 5, da 9, da 12, da 19. Ya shiga ramin ba yana nufin nasa ba ne. Abin da na fi gani shi ne mutum ya ɗauki cajar laftof mai bolt 19 ya soka wa babban rumbun ajiya na waje mai cin bolt 12. Sai ka ji ɗan ƙauri, fitilar ta mutu. Idan an yi sa'a, ɗan ƙaramin abin kariya da ke kan allon lantarkin rumbun ne ya sadaukar da kansa, a gyara a ceto bayanan. Idan ba a yi sa'a ba, aikin shekaru ya tafi.

Abu huɗu za ka karanta a jikin kowace adafta ka gwada da abin da aka rubuta a na'urar. Bolt dole ya zo daidai. Amfiya na adaftar ya kai abin da na'urar ke nema ko ya fi, yawansa ba ya cutarwa, domin na'ura iya buƙatarta take ja. Ƙarancinsa ne ke sa adafta zafi. Na uku, ɗan zanen nan mai alamar tarawa da ta ɗebewa, wanda ke nuna ko tsakiyar kan ce mai ɗauke da tarawa ko gefensa. Yawancin na'urori tsakiya ce, amma akwai masu akasin haka, musamman wasu kayan kiɗa. Na huɗu, ko abin da take fitarwa DC ne, wato wuta irin ta batir, ko AC, irin ta soket, domin wasu tsofaffin modem da lasifika AC suke ci. Ka kuma leƙa abin da take karɓa daga soket. Na zamani yawanci an rubuta 100 zuwa 240, suna aiki a ko'ina. Tsofaffi masu nauyi kuwa sau da yawa ɗaya kawai suka sani. Wadda aka yi wa wutar Amurka mai bolt 120, ka sa ta a wuta mai 230, nan take za ta ƙone.

Duk adaftar da ka gano na'urarta, rubuta sunan na'urar a jikinta da farin alƙalamin maka ko a kan takarda mai manne. Wadda rubutun jikinta ya goge, ko ta kumbura, ko tana ƙara idan ka girgiza ta, ko tana wani siririn kuka idan an sa ta a wuta, ka fitar da ita. Cikin marayu, waɗanda na'urorinsu suka riga su tafiya, za ka iya riƙe mai bolt 12 ɗaya da mai bolt 5 ɗaya masu kyau.

Akwai wani tarkon da ko masu haɗa kwamfuta da kansu yana kama su. Akwatin wutar kwamfutar tebur na zamani, irin wanda ake cire igiyoyinsa a mayar, ba a daidaita tsarin ramukan da ke jikinsa tsakanin kamfanoni ba, wani lokaci ma tsakanin samfuri biyu na kamfani ɗaya. Igiyar wani za ta shiga ramin wani lafiya lau, ta kai bolt 12 inda ake jiran 5, ta ƙone duk rumbunan da ke haɗe da ita a bugu ɗaya. Waɗannan igiyoyin ko dai su zauna a jaka ɗaya da sunan akwatinsu a rubuce, ko su bi shi duk inda ya tafi. Kada su taɓa shiga cikin tarin gama-gari.

Kebul ɗin da robarsa ta tsage, ko zarensa ya leƙo a wuya, ko sai an lanƙwasa shi yake aiki, ko kansa ya yi baƙi alamar ya taɓa tartsatsi, ka sa almakashi ka datse kan kafin ka jefa shi cikin na fitarwa. Idan ba ka datse ba, wani a gidan zai tsince shi ya mayar da shi aiki. Kuma duk batir da ka tarar a cikin kwalayen, na waya ko na kyamara ko tsohon fawa banki, ka raba shi da tarin yanzu. Batirin litiyam da ya kumbura, kwance cikin kawunan ƙarfe da kwali, gobara ce ke jiran rana.

Batun ajiya kuma, akwai abin da ya kamata ka sani game da robar kanta. Yawancin kebul an lulluɓe su da PVC, wadda asalinta mai tauri ce, sai an cakuɗa ta da wani sinadari mai kama da mai take yin laushi. Da shekaru da zafi, sinadarin yana tsattsafowa. Shi ya sa za ka ɗauko tsohon kebul ka ji yana danƙo, wani kuma ya bushe ya ƙage. Idan ya daɗe a manne da roba mai tauri, kamar jikin rimot ko na'urar wasa ko farin soson da ake tallafe kaya da shi a kwali, yana cin ta ya bar mata tabo kamar an ɗora zaren wuta. Saboda haka kada ka naɗe kebul a jikin na'urarsa ka ajiye na dogon lokaci. Sa shi a ledarsa daban, ka ajiye kusa da ita. Wuri mai sanyi, busasshe, nesa da rana da ɓera.

Wajen naɗi, kada ka murɗa shi a gwiwar hannu ko ka ɗaure shi tamau a jikin caja. Wuyan kebul, inda igiya ta haɗu da kai, nan ne zaren yake fara karyewa. Bi lanƙwasar da shi kansa yake so, ka yi zagaye mai faɗin tafin hannu a buɗe, kana ɗan juya shi da yatsu don ya kwanta. Ɗaure da maɗaurin Velcro ko guntun ƙyalle. Robali yana narkewa ya manne, salatif kuma yana barin gam da ke kwasar ƙura. Kowane iri ya samu ledarsa mai haske mai zif, da sunansa a rubuce da manyan baƙaƙe, a jera su a tsaye cikin akwati ɗaya yadda za ka ga sunayen daga sama ba sai ka tona ba. Akwati ɗaya na ce, kuma da gangan na faɗa. Idan ya cika, sabo ba ya shiga sai wani ya fita. Adaftoci su samu nasu ƙaramin akwatin, saboda nauyinsu yana murƙushe kawunan sauran.

Waɗanda za su fita, kada su bi shara. Masu lafiya ka miƙa wa mai gyara, ko makaranta, ko wani mai koyon sana'ar. Abin da ya yi maka yawa, shi kullum nemansa yake. Sauran ka kai wurin da ake karɓar tsofaffin kayan lantarki don sake sarrafawa, domin jan ƙarfen da ke ciki ana narka shi a sake amfani da shi ba tare da ya rage inganci ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 duniya ta fitar da tan miliyan 62 na sharar lantarki, kuma kashi 22 da 'yan kai cikin ɗari ne kawai aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa. Tarayyar Turai ta ƙiyasta cewa cajojin da ake zubarwa ko aka jingine a ƙasashenta suna kai tan 11,000 a shekara, abin da ya sa ta wajabta USB-C a sababbin wayoyi da makamantansu daga 28 ga Disamba 2024. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka ƙona kebul don fitar da jan ƙarfensa, kada kuma ka ba wanda ka san ƙonawa zai yi. Hayaƙin PVC yana ɗauke da iskar asid mai cin huhu da guba mai daɗewa a ƙasa da jikin mutum.

Na san bayan duk wannan za a samu guda biyar ko shida da ka kasa gane su, kuma hannunka ya ƙi sakinsu. Ɗauki hoton kan kowanne ka nuna wa mai gyara, sau da yawa kallo ɗaya zai gaya maka ko na mene ne. Waɗanda suka gagara, sa su a leda ɗaya, ka rubuta kwanan watan yau a jiki, ka ajiye a ƙasan akwatin. Idan shekara ta zagayo ba ka buɗe ledar ba, kuma ka riga ka kwashe duk abin da ke cikin tsofaffin na'urorinka, ka kai ta wurin sake sarrafawa yadda take, ba sai ka buɗe ba.